Tangaran a cikin ƙugu: me ya sa likitocin ƙashi ke dasa abin da muka sani da fashewa?

Idan likita ya ce za a sauya wa mutum gaɓar ƙugu, akwai tambayar da kan raba kan iyali tun a barandar asibiti: a sa na ƙarfe ko na tangaran? Da jin kalmar tangaran, hankalin Bahaushe kan tafi kan kwanukan jeren amarya, waɗanda iyayenmu mata suka raɗa wa suna faɗi-ka-mutu. Na taɓa jin wata dattijuwa tana tare likita da wannan magana a kan ɗanta mai sikila, saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Ta ce, "Likita, yaron nan fa babur yake hawa. In ya faɗi ya fashe a cikin jikinsa, mu kama wa?" Shi kuwa ya ce, "Mama, ba irin wanda ke cikin kabad ɗinki ba ne." Ta yi shiru, amma fuskarta ba ta nuna ta gamsu ba.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai waɗanda ke dawowa daga Indiya ko Masar suna cewa na tangaran aka sa musu, na har abada ne, sun rabu da asibiti ke nan. Duka biyun akwai gyara a maganarsu. Tangaran ɗin da ake dasawa ba ya da raunin da dattijuwar ke tsoro, kuma ba ya da dawwamar da mai dawowa daga Indiya ke alfahari da ita. An kawo shi ne don ya magance matsala guda ɗaya tak, kuma sai an fahimci wannan matsala kafin a gane wa ya dace da shi.

Me ake sauyawa a zahiri?

Gaɓar ƙugu ƙwallo ce a cikin kwarmi. Kan ƙashin cinya a mulmule yake, yana zaune cikin wani gurbi a ƙashin kwatangwalo, kuma dukansu biyun an lulluɓe su da guringuntsi mai santsi. In guringuntsin ya cinye saboda tsufa, ko kan ƙashin ya mutu ya burma saboda jini ya daina isa gare shi, sai ƙashi ya riƙa gogar ƙashi. Daga nan ne ɗingishi ke farawa, ƙafa ɗaya ta gajarce, barci ya gagara.

Abin da likita ke dasawa yawanci guda huɗu ne. Akwai sanda da ake zurawa cikin ɓargon ƙashin cinya, akwai ƙwallon da ake ɗorawa a kan sandar, akwai ƙoƙon ƙarfe da ake kafewa a kwatangwalo, sannan akwai shimfiɗa a cikin ƙoƙon, wadda ƙwallon ke juyawa a kanta. Sanda da ƙoƙo kusan kullum ƙarfe ne, galibi taitaniyam in ba a kafe su da simintin ƙashi ba, wato abin da likita ke manne dashe da ƙashi da shi. Duk muhawarar a kan abu biyu take: ƙwallon da shimfiɗar. Saboda haka wanda aka ce masa "na tangaran ne" har yanzu akwai ƙarfe a jikinsa, kuma na'urar bincike ta filin jirgi na iya yi masa kuka kamar kowa.

Haɗin da ake yi ba shi da yawa: ƙwallon ƙarfe a kan roba, ƙwallon tangaran a kan roba, ko tangaran a kan tangaran. Akwai na huɗu, ƙarfe a kan ƙarfe, wanda labarinsa bai yi daɗi ba.

Ba yumɓu ba ne

Kwanon tangaran daga laka ake yin sa, a gasa, a shafe da ƙyalli. In ka duba wurin da ya fashe za ka ga cikinsa garas-garas, cike da ƙananan ramuka, kuma daga waɗannan ramuka tsaga ke tashi. Na asibiti kuwa daga hodar alumina ake yin sa, wato sinadarin alminiyam haɗe da iskar oksijin, tsarkakakke ƙwarai. Shi ne dai sinadarin da ke cikin dutsen yaƙutu. A ma'aunin taurin duwatsu da ke tsayawa a 10, lu'ulu'u ne ke kan 10, alumina na kan 9. Ana matse hodar, a gasa ta a zafin da ya haura digiri 1,000 nesa ba kusa ba, a sake matse ta da iska mai ƙarfi a cikin zafi har ramukan su toshe, sannan a goge ta da garin lu'ulu'u har ta fi madubi santsi.

Wanda ke son ganin ɗan'uwan wannan abu ba sai ya je asibiti ba. Ya je wurin bakanike ya karɓi fulogin babur, ya duba farin ɓangaren nan da ke tsakiya. Alumina ce. Tana zaune a bakin wuta da girgiza shekara da shekaru ba ta narke ba, ba ta yi tsatsa ba. Amma in ka ɗora ta a kan dutse ka buga mata guduma a gefe, za ta tarwatse. Halin tangaran ke nan duka: ba ya karcewa, ba ya tsatsa, ba ya lanƙwasa, kuma saboda ba ya lanƙwasa, in abu ya fi ƙarfinsa sai dai ya fashe.

Garin da ke zuba a cikin gaɓa

Duk wanda ya ci tuwon garin da aka niƙa a dutse ya san akan ci karo da tsakuwa, domin dutsen da ɗansa suna cin juna a hankali. Haka gaɓar roba da ƙarfe take. Mutum mai zirga-zirga na taka kowace ƙafa sau miliyan 1 zuwa 2 a shekara, kuma a kowane taku nauyin da ke sauka a kan ƙugu ya kai ninki 2 zuwa 3 na nauyin jikinsa. Ko me aka sa a wurin, sai ya ci.

Likitan Ingila John Charnley, wanda ake ɗauka a matsayin uban wannan tiyata, ya ɗanɗana wannan da kansa a asibitin Wrightington. Ya fara da robar Teflon, irin wadda ake shafe kaskon suya da ita, ya dasa wa ɗaruruwan mutane, cikin 'yan shekaru ta cinye, jiki kuma ya yi mata bore. A 1962 ya koma wata roba mai tauri da ake kira foliyetilin, da ƙaramin ƙwallon ƙarfe mai faɗin milimita 22, ya kafe su da simintin ƙashi. Wannan ya yi aiki sosai, har mujallar likitanci ta Lancet ta kira sauyin ƙugu tiyatar ƙarni a 2007.

Sai dai robar Charnley ma tana ci, kimanin milimita 0.1 zuwa 0.2 a shekara. A ido wannan ba komai ba ne. Ba ƙarewar robar ce ke kawo matsala ba, garin da take zubarwa ne. Ƙwayoyin garkuwar jiki na ganin wannan gari a matsayin baƙo, su haɗiye shi, su kasa narkar da shi, sai su riƙa fitar da sinadaran kumburi. Waɗannan sinadarai su ke zuga ƙwayoyin da aikinsu rushe tsohon ƙashi ne, sai su hau cin ƙashin da ke riƙe da dashen. Abin yana tafiya shiru kamar gara a cikin azara: daga waje lafiya lau, mutum na tafiyarsa, sai bayan shekara 10 ko 15 hoto ya nuna rami a ƙashi, sanda ta fara girgiɗi.

Ga tsoho ɗan shekara 75 wannan ba abin tayar da hankali ba ne, domin dashen zai iya raka shi har ƙarshen rayuwa. Ga ɗan shekara 30 kuwa, tiyata ta biyu da ta uku na jiran sa, kuma kowace tiyata tana tarar da ƙashi ƙasa da wanda ta baya ta tarar.

Wannan ne ya sa wani likitan Faransa, Pierre Boutin, a garin Pau, ya dasa gaɓar alumina a kan alumina a 1970. Dabararsa ita ce abu biyu masu tauri da santsi ba za su ci juna sosai ba. Kuma tangaran na da wani hali da ƙarfe da roba ba su kai shi ba: ruwa na bazuwa a kansa maimakon ya dunƙule, don haka ruwan gaɓa na shimfiɗuwa tsakanin ƙwallo da kwarmi kamar man inji. Garin da ke fita kaɗan ne matuƙa, kuma jiki bai cika yi masa bore ba.

Darasin ƙarfe a kan ƙarfe

Ba masu tangaran kaɗai suka nemi kuɓuta daga garin roba ba. A farkon shekarun 2000 kamfanoni suka dawo da haɗin ƙarfe a kan ƙarfe, na kobal da kuromiyam, aka tallata shi a matsayin na matasa da masu motsa jiki, tun da ƙarfe ba ya fashewa. A watan Agusta na 2010 kamfanin DePuy, reshen Johnson & Johnson, ya janye samfurinsa mai suna ASR bayan an dasa wa mutum kimanin 93,000 a duniya. Garin ƙarfen ya fi na roba ƙanƙanta, yana narkewa ya shiga jini, yana kashe tsoka a kewayen gaɓa. A 2013 kamfanin ya amince ya biya kusan dala biliyan 2.5 ga masu ƙara a Amurka. A Indiya an dasa wa mutum kusan 4,700, kuma gano da yawansu ya zama aiki, saboda babu cikakken rajistar wanda aka sa wa me.

Na kawo wannan ne saboda mai cewa "a sa min ƙarfe, shi na sani" ya gane cewa ƙarfe ma na da nasa laifin. Ko a haɗin ƙarfe da roba, wurin da ƙwallon ƙarfe ke zama a kan wuyan sanda kan yi wani irin tsatsa a wasu mutane. Ƙwallon tangaran na rage wannan, kuma yana cikin dalilan da suka sa likitoci a Amurka da Turai suka karkata gare shi.

To, yana fashewa ko ba ya fashewa?

Yana fashewa. Duk wanda ya ce maka ba ya fashewa sam, talla yake yi. Tambayar ita ce sau nawa.

Alumina ta farko, ta shekarun 1970, ƙwayoyinta manya ne kuma ba ta da tsarki sosai, don haka fashewa ba baƙon abu ba ne a lokacin. A 1985 aka shigo da wani tangaran mai suna zakoniya, wanda ya fi alumina juriya. Sirrinsa abin sha'awa ne: in tsaga ta fara, ƙwayoyin da ke bakin tsagar sai su sauya siffa su kumbura da kimanin kashi 4 cikin 100, su matse tsagar ta kasa ci gaba. Kamar ƙyauren katako ne da ke kumbura da damina ya cika ƙofa. Matsalar ita ce ɗumi da danshin jiki kan sa wannan sauyi ya riƙa faruwa da kansa a fuskar ƙwallon, ba tare da wata tsaga ba, sai santsin ya lalace. A 2001 aka janye ƙwallayen zakoniya na kamfanin Saint-Gobain Desmarquest na Faransa, bayan wani sauyi a tandun da ake gasa su ya sa ɗaruruwa sun fashe a jikin mutane. Daga nan kasuwar zakoniya zalla a ƙugu ta mutu.

Abin da ake amfani da shi yau gauraye ne. Mafi shahara shi ne Biolox delta na kamfanin CeramTec da ke Jamus: kimanin kashi 82 alumina, kashi 17 zakoniya, da ɗan abin da ya rage. Alumina ta kawo tauri, zakoniya ta tsare tsaga. Launinsa ruwan hoda ne, saboda ɗan sinadarin kuromiyam da ke ciki, ba don ado ba. Alƙaluman rajistar dashen gaɓa ta Ingila sun nuna ƙwallon wannan samfuri na fashewa a kusan mutum 1 cikin 10,000, shimfiɗarsa kuma a kusan 1 cikin 1,000. Wato shimfiɗar ta fi ƙwallon rauni nesa, kuma sau da yawa laifin daga zaman da aka yi mata ne: in ta zauna a karkace cikin ƙoƙon, ko da ɗan kaɗan ne, bakinta na iya ɓalgacewa.

Amsar dattijuwar nan ke nan. Faɗuwar da za ta fasa ƙwallon zamani, ƙashin da ke kewaye da shi ma ba zai sha ba. Amma akwai abin da ya kamata a sani: in tangaran ya fashe, gyaransa ya fi na sauran wuya. Ɓarɓashinsa na watsuwa cikin nama, ba a iya tsince shi duka. In likita na biyu ya sa ƙwallon ƙarfe a wurin, ɓarɓashin zai maƙale a roba ya riƙa kankare ƙarfen kamar samfefa, kuma an samu waɗanda gubar kobal ta taɓa musu ji da gani da zuciya ta wannan hanya. Ƙa'idar ita ce tangaran ake mayarwa a gurbin tangaran da ya fashe.

Ƙugu mai kuka

Akwai wani aibi da ba ya kisa amma yana sa kunya. Wasu masu tangaran a kan tangaran kan ji gaɓar tana ƙiiƙ, kamar ƙyauren da bai ga mai ba, har na kusa da su ya ji. Yakan faru in ƙwallon ya hau bakin kwarmin ruwan gaɓa ya kauce, musamman lokacin sunkuyo ko tashi daga zama. Galibi ba ya ciwo. Amma ka ƙaddara mutum a sahun gaba, liman ya yi kabbarar ruku'u, masallaci ya yi tsit.

A nan ne rayuwarmu ke shiga lissafi. Mutumin da aka ƙera yawancin waɗannan kaya dominsa a kujera yake zama, a kan masai mai kujera yake biyan buƙata. Mu muna zama a tabarma, muna tsuguno, muna sujada da zaman tahiya sau da yawa a yini. Duk wannan lanƙwasa ce mai zurfi, wadda ke ƙara haɗarin gocewar ƙwallon daga kwarmi, musamman a watannin farko. Babban ƙwallo, mai milimita 32 ko 36, ya fi ƙarami wuyar gocewa, kuma kayan zamani sun sa ana iya amfani da shi ba tare da tsoron ci ba. Ya kamata mara lafiya ya gaya wa likita yadda yake sallah da irin banɗakin gidansa kafin tiyata, ba bayanta ba. Yin sallah a kujera na wani lokaci ba abin jin nauyi ba ne.

Robar ma ba ta tsaya ba

Abin da masu tallar tangaran kan tsallake shi ne, a ƙarshen shekarun 1990 an gyara robar kanta. Ana haska ta da wani haske mai ƙarfi da ke ɗaure zarurrukanta da juna, sai cinta ya ragu ƙwarai. Da wannan, babban dalilin gudun roba ya yi rauni. Shi ya sa haɗin da ya fi samun karɓuwa yanzu a ƙasashe da yawa shi ne ƙwallon tangaran a kan wannan sabuwar roba: babu shimfiɗar da za ta fashe, kuka ya yi wuya, babu tsatsar ƙwallon ƙarfe, kuma roba na yafe wa likita ɗan kuskuren zama fiye da yadda tangaran zai yafe. A nawa ganin, ga yawancin mutane wannan ne tsaka-tsaki mai hankali. Tangaran a kan tangaran na da masu kare shi, musamman a Faransa da Koriya ta Kudu, kuma hujjarsu a kan matasa ba ta banza ba ce. Tsoho mai ƙarancin zirga-zirga kuwa, ƙwallon ƙarfe a kan roba mai kyau ya ishe shi, kuma sayar da gona don ƙarin kuɗin tangaran ba dole ba ne.

Batun "har abada" kuma, wani nazari da Lancet ta buga a 2019, wanda ya tattara bayanan rajistar ƙasashe, ya nuna kimanin kashi 89 cikin 100 na dashen ƙugu na kaiwa shekara 15, kashi 70 shekara 20, kashi 58 shekara 25. Yawancin waɗannan da tsofaffin kaya aka yi su, ana sa ran na yanzu su fi haka. Amma ci ba shi kaɗai ke kashe dashe ba. Ƙwayar cuta, gocewa, karayar ƙashi a gefen sanda, duk ba ruwansu da ko ƙwallon ruwan hoda ne ko fari.

Wani tangaran da ake so jiki ya cinye

Akwai wani dangi na daban da ba don santsi ake sa shi ba. Ƙashin mutum, wajen kashi biyu cikin uku na nauyinsa ma'adini ne na kalsiyam da fosfet. Ana iya yin irinsa a masana'anta, a fesa shi a jikin sandar taitaniyam, sai ƙashi ya ɗauke shi ɗan gida ya tsiro ya manne da shi ba tare da siminti ba. Likitan Ingila Ronald Furlong ya fara dasa irin wannan sanda a 1985. Ana kuma yin sa tsaki-tsaki ko dunƙule mai ramuka, a cike gurbin da ƙari ko ruɓa ko hatsari ya bari a ƙashi, wasu nau'o'in jiki ya narkar da su a hankali ya maye gurbinsu da ƙashi na gaskiya. Larry Hench na Jami'ar Fulorida ya ƙirƙiro wani gilashi mai manne wa ƙashi a 1969. Waɗannan ciko ne, ba ginshiƙi ba: ba sa ɗaukar nauyi, sai an tallafa da ƙarfe.

Mai sikila da takardar da ya kamata ya riƙe

A Turai mai neman sabon ƙugu yawanci dattijo ne. A wurinmu sau da yawa matashi ne. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan masu sikila, ana haifar jarirai kimanin 150,000 da ita kowace shekara, kuma mutuwar kan ƙashin cinya na cikin abin da cutar ke jawowa, domin ƙwayoyin jinin da suka lanƙwashe na toshe 'yan jijiyoyin da ke ciyar da shi. Ƙari a kan haka akwai karayar wuyan ƙashin cinya daga hatsarin hanya wadda ta daɗe a hannun mai ɗori, da kuma doguwar mu'amala da magungunan sitiroyid, ciki har da waɗanda ake sha don ƙiba ba da umarnin likita ba. Waɗannan su ne mutanen da batun ci ya fi shafa, domin shekaru 40 ko 50 ne a gabansu.

Sai dai ga mai sikila, zaɓin ƙwallo ba shi ne na farko a jerin damuwa ba. Ramin ɓargonsa kan tsuke ya yi tauri, ƙashin na iya hudewa ko tsagewa wajen zura sanda. Haɗarin shigar ƙwayar cuta ya fi na sauran mutane. Yana buƙatar likitan jini ya shirya shi, a tanadi jini, a kiyaye masa ruwa da iska da ɗumi kada ciwon ya tashi bayan tiyata. Ƙwallo mafi tsada a hannun wanda bai saba da irin wannan ƙashi ba bai kai matsakaicin ƙwallo a hannun gwani ba. Ana yin wannan tiyata a gida, a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano da takwarorinsa na Igbobi a Legas da na Inugu, da wasu asibitocin koyarwa. Kayan dashen dai daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin dala, kuma tangaran ya fi tsada.

Ko a gida aka yi ko a waje, kowane ɓangare na dashen yana zuwa a kwali mai ɗauke da 'yar takarda mai manne: sunan kamfani, sunan samfuri, girma, da lambar rukunin da aka ƙera shi. Ana liƙa su a fayil ɗin tiyata. Mara lafiya ya nemi kwafinsu, ya ɗauki hotonsu a waya, ya ajiye tare da takardun gida. Da irin wannan lamba aka gano waɗanda aka sa wa zakoniyar 2001. Kuma ranar da wani likita a Kano zai buɗe ƙugun da aka yi a Delhi shekara 15 baya, abin da zai fara tambaya ke nan, domin wuyan sandar wani kamfani ba lallai ya karɓi ƙwallon wani ba.